Baba Mai Geji da Motar Marigayi

Kullum da hantsi Baba Mai Geji yakan buɗe shagonsa na wayarin mota, ya bi bango da tsumma yana goge gejin mai ɗaya bayan ɗaya. Sun fi ɗari, yawanci daga motocin da suka mutu ya ciro su, kowace allura a kwance. Duk wanda ya shiga sai tsigar jikinsa ta tashi, kamar idanu ne ke bin sa. Shekara arba'in ke nan yana wannan sana'a, kuma a watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaji.

Bara wata mata ta kawo tsohuwar motar mijinta da ya rasu. Tun da wani ya sa mata sabon geji, tana tafiya allura na hawa. Sau biyu mai ya ƙare a hanyar asibiti, mahaifiyarta na nishi a baya, geji kuwa yana nuna tanki cike. Dangin miji suka ce mamacin ne bai saki motarsa ba, a kai ta wurin masu sarar ƙarfe.

"Baba, ni ma tsoronta nake ji," in ji ta. "Amma ita kaɗai ta rage min daga gare shi."

Baba ya zaro abin da ke yawo a kan mai cikin tanki, ya ɗora masa mitar auna wuta. Ya ɗaga, ya sauke, ya rubuta lamba biyu a tafin hannunsa.

"'Yata, mijinki na kwance lafiya. Wannan motar lambarta sauka take in tanki ya cika. Gejin da aka sa mata kuwa na motar da lambarta ke hawa ne."

Ya bi bango da yatsa har ya tsaya a kan wani. Ya ciro gejin, ya duba bayansa. Lambar motar ce a jiki, da rubutun marigayin. Shekara ashirin da suka wuce marigayin ya ba shi gejin ajiya, ya ce wata rana za a zo nema.

Aka ɗaura, allura ta tashi a hankali ta tsaya a rabi. Matar ta kifa kai a sitiyari tana kuka.

Kai ne mai auna kafin ka ɗaura, Baba, kai ne mai riƙon amana har ta mamaci. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a kuma ku ɗauki mita kafin ku ɗora wa matattu laifi. Mahaifiyar matar nan har yau a motar ake kai ta asibiti.