Tsakar Gidan da Ban Shiga Ba

Har gobe ban manta da wata Laraba a Bawku ba, ranar da na tsaya cikin ruwa har gwiwa ina kallon masarar Mma Azara tana bin kwata.

Lokacin ina ƙaramin injiniya, an turo ni daga Yendi in tsara hanyar ruwan sama a wata unguwa da ke bayan kasuwar hatsi. Ba gota, wato kwata ta siminti, ake so ba. Sabon tsari ne: a haƙa fili mai ɗan zurfi, a zuba tsakuwa da yashi, a dasa ciyawa, ruwa ya taru ya nutse a hankali. Girman filin kuwa manhajar kwamfuta ke faɗa. Kai dai ka ba ta hoton unguwa daga sama, ka nuna mata nan rufin kwano ne, nan kwalta, nan ƙasa mai shan ruwa, ita ta yi lissafi.

A hoton, tsakar kowane gida ja-wur take, sai na rubuta ƙasa. Ban shiga gida ko ɗaya ba. Baƙo namiji a ƙofa yake tsayawa, ni kuma ina ji da kaina, gani nake hoto ya ishe ni. Shugabana ya ce, "Ka zagaya wurin?" Na ce na zagaya. Lunguna kawai na bi.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko bayan azahar. Na ɗauki lema don in je in ga aikina. Kafin in isa, filin ya cika ya tumbatsa, ruwa ya gangara kai tsaye shagon Mma Azara, dattijuwa mai sayar da masara a ƙasan filin. Ta kowace rariya ruwa ke fitowa a guje, daga gidajen da na ce za su shanye nasu.

Ni da ita muka kwashe buhunan sama. Na ƙasa duk sun jiƙe, kuma da su take ciyar da gidanta har kaka.

Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Washegari ta ce, "Injiniya, shigo, kai ɗana ne." Ta kai ni tsakar gidanta, ta sheƙa ruwa bokiti guda a ƙasa. Ko ɗigo bai nutse ba, ya miƙe sai rariya.

"Wannan daɓe ne," in ji ta. "Mu mata muka buga shi, da tsakuwa da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa. Duk zangon nan namu haka ne. Nan muke shanya masara, yaya za mu bar shi ya sha ruwa? Kwamfuta naka bai tambaya ba?"

Na koma ofis, na mayar da tsakar gidajen nan kamar siminti a cikin manhajar. Nan take ta nuna ruwa yana shiga shagon, ta ƙofar da ya shiga jiya. Ashe ita ba ta yi kuskure ba, abin da na gaya mata ta lissafa.

An faɗaɗa filin daga baya. Amma da na koma ba Mma Azara haƙuri, na tarar ta baza masarar a kan daɓen, tana tsince wadda ta yi tsiro ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa ku sababbin injiniyoyi, in zan tura ku Salaga ko ina, bokiti nake fara miƙa muku kafin kwamfuta. Ku yi sallama, ku jira a ce ku shigo, ku tambayi matar gida abin da ke ƙarƙashin ƙafarku.