Gonar Inna a Bayan Kicin

Kwana uku Inna ta zo yi a Kano, a duba mata ido ta koma Dingaya. Ana gobe za ta tafi aka rufe gari saboda korona. Tashar da muke hawa motar Birnin Kudu da Gwaram ta koma wurin hutun awaki.

Ni cutar nake tsoro, ita kuwa kada damina ta wuce ta. Tun rasuwar Baba ruwan shuka bai taɓa sauka ba sai tana bakin gonarta. Kullum da safe sai ta fito tsakar gida, takunkumin da na saya mata yana reto a haɓa kamar gemu, ta duba gabas, sannan ta harare ni, sai ka ce ni na shigo da annobar a aljihu.

Gidan haya muke, ko'ina siminti. Wata safiya na nemi bokitin wanke hannu da na ajiye a ƙofa na rasa. Can na gan shi a bayan kicin, cike da ƙasa. Ashe geron da ta kawo mana tsaraba ta ɗiba ta shuka. Kafin mako ya zagayo bahon wankin matata ya bi shi, har da hular kwanon babur ɗina. Na yi faɗa, faɗa na gaske. Ta bari na gama, ta ce tunda likitoci sun ce a yi ta wanke hannu, kowa ya riƙa ɗaurayewa a kan shukarta, kada ruwa ya tafi a banza. Haka 'yan haya suka riƙa bin layi, tana tsaye tana nuna wa kowa bokitinsa.

Ranar da ruwan shuka ya sauka babu wanda ya yi dariya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana shaƙar ƙamshin ƙasa, hawaye na zuba. Tausayinta ya kama ni, na ji kunyar faɗan da na yi.

Da aka buɗe hanya lokacin shuka ya wuce. Ta tafi ta bar mini bokitan, tana bugo waya tana tambayar lafiyarsu kafin tawa.

Da kaka na kai mata abin da na girbe, bai cika rabin kwano ba. Na tsokane ta, na ce ga na kunu. Ta ƙulle shi a gefen zane.

"Wannan ba na ci ba ne," in ji ta. "Iri ne."