Waken Ummuhani

A Likoro, idan aka ce Lado, ba sai an yi ƙarin bayani ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gemu, wanda idan ka ce masa hadari ya haɗo daga gabas, sai ya ɗaga kai ya ce maka ai wannan na kudu ne. Manomin masara ne na gaske, ba a raba shi da rediyo, kuma duk sabon irin da malaman gona suka kawo, a gonarsa ake fara ganinsa. Gardama kuwa, ko babu abokin yi sai ya nemo. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tanka masa ba, kuma ita kaɗai ta saba kayar da shi, wato matarsa Ummuhani.

Shekara talatin da huɗu suka yi tare. Daga wani ƙauye a bayan Makarfi aka kawo ta, kuma cikin kayanta har da wani ɗan tulu cike da wake wanda kakarta ta ba ta. Ƙananan wake ne, farare masu jan hanci. Ba ya cika buhu, amma yana nuna da wuri, tun tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma masara ba ta kai ba. Duk shekara takan shuka shi a gayaunarta ta bayan gida, ta zaɓi masu kyau, ta cuɗe su da toka da barkono saboda ƙwari, ta liƙe bakin tulun da laka. Lado yana kiransa waken tsofaffi. Duk shekara sai ya ce mata a daina wahala, ga iri na zamani. Duk shekara kuma, idan an dafa, shi ne mai neman ƙari. Ita dai sai ta yi murmushi ta tura masa kwano.

Da Ummuhani ta ji ƙululu a ƙirjinta, ta daɗe ba ta faɗa ba. Da ta faɗa, danginta suka ce a yi na gida. Nan Lado ya zage ya yi gardamar da ba a taɓa ganin irinta ba, ya ce asibiti za a je, kuma asibitin aka je, can Zariya. Likita ya ce ciwon daji ne. Aka rubuta mata allura shida, duk bayan mako uku, irin wadda ake sawa a cikin ƙarin ruwa. Autarsu Suwaiba, wadda ke aure a Kudan, ita ke zama da ita a ɗakin mata, shi kuma yana waje a kan benci yana koya wa mutane noman masara.

Gashinta ya zube, abinci ya fita ranta, amma ƙululun ya yi ta raguwa. Bayan allura ta huɗu likita da kansa ya ce alhamdu lillahi. Lado ya dawo gida yana tafe yana baza riga, duk wanda ya haɗu da shi sai ya ji labari.

Kwana tara da yin allurar, zazzaɓi ya rufe ta da yamma. An gaya musu a asibiti cewa ko yaya jikinta ya yi zafi a kawo ta nan take, domin maganin yana karya garkuwar jiki. Amma ita ta ce zazzaɓin sauro ne, ta saba da shi, shi kuma ya sayo magani a kemis ya ce a ga yadda za ta kwana. Washegari da hantsi suka kama hanya, ba ta iya zama a mota sai an riƙe ta. Kafin la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Abin da ya ba mutanen Likoro tsoro shi ne shirun Lado. Ana masa gaisuwa yana amsawa, ana cewa kwana ne ya ƙare yana cewa haka ne. Lado da cewa haka ne. Bai yi kuka ba, bai kuma ci abincin kirki ba. A ransa magana ɗaya ce take juyawa: shi ya kai ta asibiti tun farko, shi kuma ya ce a bari sai gobe.

Ranar sadakar bakwai da safe, maza na zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, aka fito da ƙosai. Amininsa Yahya ya tura masa faranti.

"Ka daure ka sa wani abu a cikinka, Lado. Jiki ba ya ɗaukar haka."

Ya ɗauki ɗaya don kada a dame shi. Yana gutsura ya tsaya. Ya tauna a hankali, sai ya miƙe ya shiga gida. A bakin ɗakin Ummuhani ya ga tulun a kwance, an fasa lakar bakinsa, babu ko ƙwaya. Ƙanwarsa da ta zo daga Ikara ce ta yi aikin, da zuciya ɗaya. Waken da aka sayo ne bai isa ba, ta laluba ƙarƙashin gado ta samu wannan.

"Yaya, wake mai kyau, ko ƙwaro ɗaya babu," in ji ta. "Sai dai toka, na sha wanki kafin ya fita."

Suwaiba ta fito daga ɗaki ta ga tulun, ta ɗora hannu a ka. Kowa ya jira Lado ya tada gidan. Sai ya sunkuya ya ɗauki tulun, ya leƙa ciki, ya ajiye shi a tsaye. Ya ce wa ƙanwar tasa Allah ya yi mata albarka, ya fita. A ranar ne ya gane cewa matarsa ta tafi da gaske, kuma abin da ta yi shekara talatin da huɗu tana tattali, an cinye shi da safiya ɗaya, har da bakinsa a ciki.

Daga nan ya tashi nema, domin ya ƙudurta damina ba za ta sauka gayaunar nan tana zaune babu wakenta ba. Ya fara da maƙwabta. Kusan kowace mace a unguwar, Ummuhani ta taɓa ba ta waken, kuma kowace ta dafa ta cinye. Wata tsohuwa ta gaya masa gaskiya, ta ce, "Malam Lado, wa zai ajiye iri alhali Ummuhani tana nan?" Ya hau babur ya je ƙauyen su Ummuhani. Ƙannenta suka karɓe shi da mutunci, suka kawo fura, da ya faɗi abin da ya kawo shi suka kalli juna. Babban ya ce, "Ai mun daɗe da barinsa. Kai ne ma ka kawo mana na zamani, ka ce wancan ɓata ƙasa ne." Lado ya tuna, har ranar da ya faɗa ya tuna, ya shanye furarsa ya yi sallama. Ranar kasuwar Makarfi ya bi layin 'yan wake tun daga farko har ƙarshe, yana ɗiba yana dubawa a tafin hannu. Kowane ɗan kasuwa sai ya rantse masa cewa nasa ne ainihin wanda yake nema. Ko ɗaya ba shi ba ne.

Zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa, masu shanu sun fara gyaran garma. Lado ya rame har rigarsa tana masa yawa. Wata rana Suwaiba ta zo duba shi, suna zaune a tsakar gida, sai ta ce, "Baba, na tuna wani abu, amma ban sani ba ko zai yi amfani. Ranar allura ta uku Inna ta ƙulla wake a leda, ta ba wata mata da gadonsu ke kusa. Murja sunanta, 'yar Furana. Mijinta mai lambun tumatir ne."

Lado ya kau da kai. Ba ya son jin komai da ya shafi ɗakin asibitin nan.

"Mai ciwo kika ce. Ko ta dafa ta cinye, ko ita ma ta bi uwarki."

"To, Baba."

"Ki shirya gobe da sassafe."

Suka bi ta Makarfi, suka ratsa Ikara, rana ta take kafin su shiga Furana. Masu lambun tumatir a can ba su ƙirguwa, amma mai mata da ake kaiwa Zariya ɗaya ne, Zulkifilu. Suka same shi a zaure. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya da zafi da mutanen gida, Suwaiba ta shige ciki. Lado yana zaune, ya kasa tambayar ko matar tana raye. Can sai ga ta ta fito da ƙafarta, siririya cikin hijabi, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta."

"Amin, 'yar nan. Ashe kin ji."

"A asibiti na ji, da na koma. Na so in zo, jiki ne bai bari ba." Ta share ido. "Ranar allurata ta farko guduwa na so in yi, ita ta riƙe min hannu har ruwan ya ƙare. Yanzu na gama duka shidan. Likita ya ce saura aiki, kuma yana sa rai."

Lado ya sunkuyar da kai. Abin da bai faɗa wa Yahya ba, bai faɗa wa 'ya'yansa ba, sai ga shi yana faɗa wa baƙuwa.

"Ni na ce a bari sai gobe. Da zazzaɓin ya zo, ni na ce."

Murja ba ta ce masa "ba komai" ba. Ta ce, "Baba, ni ma ya zo min, bayan ta biyar, ana kiran azahar. Maigidan nan ya ce bari ya idar da ban ruwa. Na ce masa ka tuna Inna. Ko takalmi bai tsaya nema ba. Kwana shida na yi a gado, suka ce da mun kwana a gida, da wani zancen ake yi."

Zulkifilu ya gyaɗa kai, ya ce wallahi haka aka yi.

Nan hawayen da Lado ya riƙe wata biyu suka ɓalle. Ya yi kuka sosai, a zauren mutane, gaban 'yarsa, bai ko rufe fuska ba. Babu wanda ya hana shi. Da ya natsu ya goge gemu da hannun riga, sai ya tuna abin da ya kawo shi, ya tambaya da muryar wanda ya riga ya fid da rai ko akwai sauran waken nan, ko ƙwaya goma ce.

Murja ta kalli mijinta, ta tashi ta shiga gida. Ta dawo da ƙwarya a rufe da faifai, ta ajiye a gabansa. Ya buɗe. Cike take, farare masu jan hanci, sabbi, sun fi tiya biyu.

"Ai cikin hannu ɗaya ta ba ki," in ji Suwaiba.

"Ta ce in ajiye sai damina. Ni kuwa a lokacin ban san ko zan kai damina ba, shi ya sa ban jira ta ba. Na sa ya shuka min a gefen lambu, yana ba tumatir ruwa yana ba shi. Makon jiya muka roro."

Lado ya tura hannu cikin ƙwaryar har wuyan hannu, ya ɗebo, ya bari suna zuba. Sai ya yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji ba. Murja ta ce ya ɗauka duka, ya ce ina, a raba biyu. Ta ce ai na Inna ne. Ya ce shi ya fi kowa sanin na wace ce, kuma raba shi za a yi. Suwaiba ta yi hamdala a ranta, domin ta ga babanta ya dawo gardama.

Da ruwa ya zauna, Lado da kansa ya shuka gayaunar, shi da bai taɓa sa fartanya a cikinta ba. Wake ya yi kyau. Da ya roro, bai bari an dafa ko cikin cokali ba sai da ya ƙulla ƙulli arba'in. Ya bi gida gida a Likoro, ya kai wa surukansa a bayan Makarfi, ya ba Suwaiba ta kai Kudan. Duk wanda ya ba sai ya tsaya a kansa ya yi masa sharaɗi biyu: a ajiye iri kafin a ɗora tukunya, kuma mai jinyar ciwon daji idan jikinsa ya yi zafi kada a ce sai gobe. Wasu suka ce me ya haɗa wake da zazzaɓi. Ya ce su dai su riƙe.

Bana shekara huɗu ke nan. An yi wa Murja aiki, tana nan lafiya a Furana. Kwanakin baya Lado ya je Ikara sayen taki, ya ratsa ta wajen 'yan hatsi, sai idonsa ya faɗa kan wani buhu. Ya tsaya ya ɗiba. Mai buhun magidanci ne da bai taɓa gani ba.

"Wannan wane iri ne?"

"Ummuhani ake ce masa, Baba. Yana nuna da wuri, mata suna sonsa."

"Me ya sa ake ce masa haka?"

"Wallahi ban sani ba. Haka na ji ana faɗa."

Lado ya jingine babur, ya jawo benci, ya tattara riga ya zauna.

"To matso," in ji shi. "Matata ce."