Lasisin Baban Sito

Surukina, mahaifin matata, duk unguwa Baban Sito ake kiransa, don tun yana saurayi har kansa ya yi fari ɗakin ajiyar wani kamfanin gine-gine ya riƙe. Siminti, rodi, fenti, duk ta hannunsa suke shiga su fita. Mutum ne da in ya ari biro a wurinka ya manta ya tafi da shi, sai ya juyo daga bakin titi ya kawo maka, ya haɗa da ban haƙuri kamar mota ya ɗauke. Ina ganin girmansa ƙwarai a kan wannan hali, amma wallahi wani lokacin gajiyar da mutum yake yi.

Da ya yi ritaya zama ya gagare shi. Ya share ɗakin da ke ƙofar gidansa, ya sa tebur da benci, ya ce in raka shi sayen kwamfuta, tunda gyaranta ne sana'ata. Na nuna masa ta hannu mai sauƙi, ya girgiza kai. Shi sabuwa yake so a kwalinta, da babbar manhajar da ke tafiyar da ita mai lasisi na gaskiya. Muka haɗo da firinta da sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta sa a kwamfuta, ya kama gyaran tsofaffin hotuna.

Ka zo ka ga Baba a bakin aiki. Mutum ya kawo hoton kakarsa da ruwa ya taɓa ko gara ta ci gefe, sai ya sa a sikana, ya gyara zaman tabarau a kan hanci, ya bi tabo ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Ba ya sauri, kuma ba a sa shi sauri. Allon kwamfutar kullum a buɗe yake ga mai hoto, yana aiki yana tambaya: “Wannan ɗigon, na hoton ne ko na fuskarta?” Wai kada ya goge abin da Allah ya halitta. Mutane su zauna a benci su yi ta ba shi labarin matattunsu, shi yana “Allah sarki” yana jan linzamin kwamfuta. Ban taɓa ganin tsoho mai jin daɗin ritayarsa kamar shi ba.

Matsalar ta zo ne da sikanarsa ta gaji ya sayi sabuwa. Na zo na sa mata direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka jona mata. Ita kuwa kwamfutar, da ta ga an buɗe mata hanyar intanet, sai ta kwaso sabuntawar duk kayan cikinta, har da na babban faifan da komai ke jone a kansa. Ta mutu ta tashi. Sai ga wani rubutu fari-fari a kusurwar allo ta ƙasa, wai ba a tabbatar da lasisin wannan manhaja ba.

Mu masu gyara mun saba da wannan. Lasisi a ɗaure yake da kayan cikin kwamfuta, in suka canza kama sai kamfanin da ya yi manhajar ya ɗauka wata kwamfutar ce daban aka kwafa mata. Komai yana aiki, rubutun ne kawai ke tsaye.

Na ce, “Baba, ba komai ba ne. Kafin ka shanye shayinka na kawar da shi.”

“Ta wace hanya?”

“Wata 'yar manhaja ce da muke toshe mata baki da ita.”

“Masu kayan ne suka ba ka?”

Na sosa ƙeya. “A'a, Baba, amma kowa…”

“To bar mini kayana yadda suke.”

Ana cikin haka wata malamar makaranta ta shigo da hoton mahaifinta. Idonta ya faɗa kan kusurwar, ta yi dariya ta ce, “A'a, Baba! Ashe kai ma ta bayan fage kake amfani da ita?” Wasa take yi, kowa ya san wasa ne. Baba bai yi dariya ba. Ya miƙa mata hotonta da hannu biyu, ya ce ta dawo wani lokaci, ya kashe kwamfutar, ya ja ƙofar shago ya kulle.

Shi ke nan fa, shago ya zauna a rufe. Masu hoto su zo su ƙwanƙwasa su koma. Inna, wato surukata, ta kira matata tana cewa tsohon nan ko abinci sai ya tsakura ya ture. Shi a wurinsa an tsaya a gaban jama'a an kira shi ɓarawo, kuma ba zai sake zama gaban allon nan ba sai masu manhajar da suka sa rubutun sun janye shi.

Na gwada duk hanyar gaskiya da na sani. Na danna wurin da kwamfutar ke binciken matsalarta da kanta, ta yi ta juyi ta ce ta kasa. Na sake shigar da lambar lasisin, ta ce an riga an yi amfani da ita a wata kwamfutar. Wace kwamfutar, don Allah? Ke ce dai, ke ɗin nan! Na koma gida ina huci, na ce wa matata abin da zan gama ina tsaye shi tsoho ya mai da shari'a. Ta ce, “Ubana ne fa kake magana a kai.” Na ce na sani, ai shi ya sa a nan nake faɗa ba a can ba.

Saura hanya ɗaya, wadda duk mai gyara ke gudu: kiran kamfanin a waya. Na je da hantsi, muka buɗe shago, na buga na sa wayar a lasifika. Danna kaza, danna kaza, sai kiɗa. Kiɗan nan ya yi ta zagaye har na fara jin sa a haƙorana. Na tashi, na zauna, na yi tsaki na tuna a gaban wa nake na haɗiye sauran. Baba kuwa yana zaune da hularsa a daidaice, hannu a kan gwiwa, kamar mai jiran a kira sunansa a ofis.

Can wata yarinya ta ɗauka, muryarta a sanyaye. Na yi mata bayani, na karanto mata doguwar lambar da ke allon. Ta tambaya ko an taɓa sa wannan lasisi a wata kwamfutar. Kafin in buɗe baki Baba ya matso.

“'Yata, ni ne mai ita. Ɗaya ce, ita kaɗai na taɓa mallaka. Sikana na canza.”

Ta ce to, Baba, ɗan dakata. Ta karanto wasu lambobi, na shigar. Rubutun ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Na sauke numfashi zan yi godiya in kashe, ya riƙe mini hannu.

“'Yata, a wurinku me aka rubuta a kaina?”

“Ba komai, Baba. Lasisinka na gaskiya ne, naka ne. Kwamfutar ce ta rikice bayan sabuntawa.”

Ya ce ta yi masa haƙuri kaɗan. Ya miƙe ya leƙa cikin gida ya kira Inna. Ta fito tana goge hannu da gefen zane, ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, “'Yata, don Allah maimaita, ga mai ɗakina.” Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ta maimaita daga farko har ƙarshe. Ni da na zo da fushi sai na ji idona ya cika.

Inna ta dubi wayar, ta dubi mijinta.

“Malam, saboda wannan ka tsayar da 'yar mutane a bakin aikinta? Da ni ka tambaya. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan nake wanke aljihunanka, ko ƙusa ɗaya ta kamfani ban taɓa tsinta ba. Taso ka ci abinci.”