Turaren Inna a Boksin Baba

Duk ƙauyenmu mota ɗaya ce, boksin Baba. Boksi muke ce wa ƙaramar a-kori-kura, mai mazaunin direba a gaba da buɗaɗɗen baya. Ranar kasuwar garin Hajj Abdalla ita ke kwasar albasa da busasshiyar kuɓewa da matan unguwa. Ni ce babbar 'yarsa, kuma ina da lallen sayarwa, don haka gaba nake zama kusa da shi, ina kallon sauran mata ta gilashi ina jin kaina.

Inna ba ta yarda wani abu nata ya fita gida ba ƙamshi. Kowace safiya takan ɗebi garwashi a kasko, ta zuba bahur, turaren wutar da take haɗawa da hannunta da itacen sandal da sukari, ta ajiye a ƙasa cikin motar ta rufe ƙofofi har kujeru su sha. Baba yakan yi ƙorafin tana ɓata masa lokaci, amma ban taɓa ganin ya tashi motar kafin ta gama ba.

Wata shekara da sanyi, alkama ta yi kore a gonaki, Baba ya fara ciwon kai. Yakan dawo kasuwa idanu jajur, ya ƙi abinci, ya kwanta. A asibiti aka duba jininsa, ba zazzaɓi. Inna kuwa ta riga ta yanke hukunci, wai bakin mutane ne, mai mota ɗaya a gari ba ya rasa masu sa masa ido. Sai ta ninka turaren, ta ƙara da na korar baki. Mu kuma saboda sanyi muka riƙa rufe gilasai ruf.

Ranar da abin ya kusa zama makoki, muna tafe a gefen tur'a, babban magudanar da ke shayar da gonaki. Kaina ya yi nauyi, zuciyata na tashi, na ɗauka rashin karin kumallo ne. Na juya zan yi wa Baba magana sai na ga haɓarsa a ƙirji, motar na karkata wajen ruwa. Na damƙi kafaɗarsa na girgiza da duk ƙarfina. Ya taka birki, tayar gaba na kan gaɓa. Har yau ina tuna yadda ba na ganin komai ta gilashin gaba sai ruwan nan.

Muka fito muka zauna a ƙasa. Ba a jima ba kaina ya washe, shi ma ya ce ya ji sauƙi. Matan baya kuwa garau suke, sai salati da surutu. Na ce masa wannan ciwon a cikin motar yake zaune, tunda mu biyu kaɗai yake kamawa. Bai musa ba. Washegari muka nufi wurin makanike a garin Sinnar, gilasai a buɗe, sanyi na dukanmu.

Makaniken wani dattijo ne abokin Baba. Yana buɗe ƙofa ya tambaya ko mota aka kawo masa ko ɗakin amarya. Ya bar ƙofofin a buɗe ta sha iska, sannan ya tashi injin, ya sa aka toshe bakin salansa da tsumma, ya kwanta a ƙasa yana saurare. Ni ma daga inda nake na ji hucin. Bututun ya ɓule daidai ƙarƙashin kujerar Baba, wurin ya yi baƙi da hayaƙi. Da ya ɗaga shimfiɗar ƙafa, ga rami tsatsa ta ci, aikin lakar gonaki. Robar gindin giya ma ta yage. Ya yi wa bututun walda, ya liƙe ramin da ƙarfe, ya sauya robar. Ya ce abin da ke kisa a hayaƙin mota ba shi da wari, warin da ke tafe da shi ne ke gargaɗin mutum, turare kuma ya binne wannan warin. Ya hana a sake kunna shi a ciki.

Baba da kansa ya gaya wa Inna, a hankali, bai ɗora mata laifi ba. Da safe na gan ta tsaye a gefen motar hannu wofi, kamar wadda aka kora daga aiki, tausayinta ya kama ni. Baba ya dube ta, ya warware rawaninsa ya miƙa mata.

"Hajiya, mota aka hana, ba a hana kaina ba. Turara mini wanga."

Tun daga ranar rawanin ke shan bahur, ciwon kai kuma bai dawo ba.

Da yaƙi ya iso yankinmu, masu bindiga suka tafi da boksin, mu muka fita da abin da hannu ya iya ɗauka. Baba ya rasu a ɗakin haya, a garin da ba wanda ya san ya taɓa tuƙa mota. Ina kewarsa, ina kewar hanyar tur'a, har ƙorafinsa na safe nake kewa.

A tashar garin nan masu shayi suna kunna turare a gefen murhunsu, bas-bas kuma na ta tuttular da hayaƙi. Inda biyun suka haɗu, nan boksin Baba yake. Na san abin da ke cikin hayaƙin sarai, ni na gan shi da idona, amma nakan rage tafiya. Kwanaki muka bi ta wurin da Inna. Sai na ga ita ma ta tsaya, ta lumshe ido, ta riƙe hannuna.

"Ɗiyata, ke ma kin ji shi?"