Sammani Mai Gem Da Ruwan Shuka

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Marusa da yamma ya san shagon Sammani, ko da bai san mai shagon ba. Ihu ne ke fara tarbar mutum, sai ƙugin janareta, sai tulin silifas a bakin ƙofa. Gidan gem ne, inda samarin unguwa ke zuwa su buga ƙwallo a talabijin, su yi ta zagin juna a kan 'yan wasan da ba su ma san da zamansu a duniya ba.

Sammani ba ɗan birni ba ne, ko da yake yana son a ɗauka haka. Daga Kwarin Kanya ya fito, wani ƙauye can yamma, a bakin daji. Ya shigo Katsina a shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, lokacin da kowa ke cewa yanzu kam daɗi ya zo. Yana saurayi siriri, da jakar leda ɗaya da ƙiyayyar fartanya fal cikinsa. Ya fara da koyon gyaran rediyo a kusa da hasumiyar Gobarau, ya lalata na mutane da dama kafin hannunsa ya faɗa. Daga rediyo ya koma talabijin, daga nan Allah ya haɗa shi da na'urar gem, wadda wani ya kawo gyara bai dawo ya karɓa ba. A kanta ya kafa shago, a kanta ya auri Safara'u, a kanta ya yi ta shan faɗan dattawan unguwa masu cewa yana lalata yara. Maganin da ya samo wa wannan shi ne, da an kira salla sai ya kashe janareta, ko ana tsakiyar bugun fanareti, ya kora kowa masallaci. Dattawa suka sassauta, samari suka sa masa suna Ladan.

Mahaifinsa, Malam Mati, bai taɓa gane wannan sana'a ba, bai kuma wahalar da kansa wajen ganewa ba. In an tambaye shi aikin ɗansa sai ya ce, "Shina nan birni, shina kunna wa yara abu." Ba ya kiran sunan Sammani, domin ɗan fari ne, sai dai ya ce "kai wanga". In suna ko ciwo ya kawo shi Katsina, da la'asar ta yi zai fara neman takalmansa. Duk kaka kuma buhun gero na zuwa a mota, wanda ya fi kowace gaisuwa tsawo.

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, har ɓarayin daji suka ɓulla. Da fari shanu suke kora. Daga baya suka koma ɗaukar mutane daga cikin gonakinsu, da rana tsaka. Ranar da Kwarin Kanya ya watse, Malam Mati ya iso Ƙofar Marusa a bayan wata motar itace. Bai ɗauko riga ko tabarma ba. Abin da ke hammatarsa ɗan damin gero ne, zaɓaɓɓun zangarniyoyi na iri, ya naɗe su da rawaninsa.

Ai kuwa zaman birni ya shiga cin tsohon nan. Ya rataye irin a zaure, ya zauna a ƙarƙashinsa. Safara'u ta yi tuwo, ta yi dambu, ta yi ɗanwake, kwano ya riƙa dawowa kusan yadda ya tafi. Damina ta zo ta wuce yana kallonta ta ƙofar zaure, wata ta sake zuwa ta wuce. Da bazara ta gaba ta kama sai aka fara jin labarin wai an yi sulhu, wasu sun koma. Aka kuma ji cewa cikin waɗanda suka koma an ɗauke wasu a bakin gona, har yau shiru. Malam Mati labari na farko kawai kunnensa ya ɗauka.

"Bana kam zan tahi," ya ce.

Tsoro ne tsagwaronsa ya kama Sammani, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Ga uba, ba a ɗaure shi, ba a ɗaga masa murya. Ga daji, ba ya jin magiya.

Ana cikin haka ne ya ci karo da wani gem cikin tarin waɗanda aka tura masa a na'ura. Na mutanen Japan ne, zanensa irin na katun ɗinsu mai manyan idanu. Babu ƙwallo, babu bindiga, babu wanda ake kora. Wani ɗan yaro ne aka kai ƙauyen danginsa dogon hutu. Ya tashi da safe a ba shi abinci, ya ɗauki ragarsa ya tafi kamun ƙwari, ya jefa fatsa a rafi, ya sha kankana a inuwa, rana ta faɗi a kira shi gida. Shi ke nan fa. Samarin shago suka gwada, suka ce, "Ladan, wannan wa ake ci a ciki?" Suka watsar.

Sammani kuwa sai ya tsinci kansa yana kunna shi da hantsi, lokacin da shago ba kowa. Kukan gyare da ke cikin gem ɗin ya mayar da shi bayan gidansu, yana tonon rami da tsinke, ƙafafunsa duk taɓo. Mutumin da ya gudo daga ƙauye don kada ya yi noma, ga shi yana share ido da bakin riga a kan ƙauyen wasu. Kunya ta kama shi, sannan dabara ta faɗo masa. In wannan abu ya iya zaunar da shi, me zai hana ya zaunar da Baba?

Da ƙyar da lallami ya jawo tsohon zuwa shago. Ya shimfiɗa masa darduma, ya miƙa masa hannun gem, wato abin dannawa. Malam Mati ya riƙe abin da yatsu biyu kamar an ba shi kunama.

"Mi zan yi da shi?"

"Nan za ka danna, Baba, yaron shi yi tahiya."

Tsoho ya danna da ƙarfin da yake damƙar ƙotar gatari. Yaron ya zabura ya faɗa gidan wasu mutane kai tsaye.

"Subhanallahi! Ba sallama? Ɗan wa ne wanga?"

Daga ranar aka ƙulla. Malam Mati ya raɗa wa yaron suna Babaji, ya kuma ɗauki tarbiyyarsa a wuyansa. Ba ya bari ya wuce babba bai tsaya a gabansa ba. Ba ya bari ya kai magariba a waje. In Babaji ya kama ƙwaro, sai tsoho ya matso da fuska jikin gilashi ya ce wannan buzuzu ne, sai dai nasu ya fi namu ƙiba. Akwai wani dattijo a gem ɗin mai ɗan lambu a bayan gida, kullum a duƙe. Shi ne abokin Malam Mati. Yakan kai Babaji ya tsayar da shi a bakin lambun, su yi ta kallo tare.

"Wanga manomi ne," yakan ce. "Dubi ƙugunsa."

Wata rana sai ya ce, "Kai wanga, na lura su ba su rufe ƙofa. Su ba a zo masu ba?"

"Ba a zo masu ba, Baba."

"To, Allah shi tsare su."

Kwano ya fara dawowa wayam. Safara'u ta ce wa mijinta, "Malam, ko me kake ba Baba a shagon nan, ka ƙara masa." Maganar tafiya ta lafa. Sammani ya shiga tafiya yana ɗaga kafaɗa, shi a dole ya samo maganin da ya gagari kowa. Don ma ya ƙara wa tsohon jin daɗi, har babbar lasifikar da ake kunnawa ranar wasan ƙarshe ya jona masa, don kukan tsuntsaye ya fito sosai.

A nan ya tafka wautar da ɗan manomi bai kamata ya tafka ba, amma ya daɗe a birni, ya manta. Wani hantsi, ana tsananin zafin bazara, irin wanda kwalta ke laushi, sai sararin ƙauyen Babaji ya yi duhu. Iska ta kaɗa ganyaye. Aka yi tsawa, ta fito ta babbar lasifikar nan har kwanon shago ya amsa, sai ruwa ya ɓarke, yana dukan rufin gidaje, yana gudu a kan jar ƙasar lambun dattijon.

Malam Mati ya ajiye hannun gem a hankali. Hancinsa ya buɗe, yana shaƙar ƙamshin da babu shi.

"An yi ruwan shuka," ya ce.

Sammani ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Baba, can Japan ne. Zane ne kawai."

Tsoho bai ko dube shi ba. Ya dafa bango ya miƙe, ya fita bakin titi ba takalmi, ya tsaya yana kallon gabas. Babu ko ɗigon girgije. Amma an riga an tashe shi.

Kafin Sammani ya rufe shago ya iso gida, ya tarar an sauke damin iri, Safara'u na sussuka a turmi tana hawaye. Suruki ya sa ta, ina ta ga bakin cewa a'a? Sammani ya ruga ya ɗauko limamin unguwa. Liman ya yi nasiha mai kyau a kan kada mutum ya jefa kansa ga halaka. Malam Mati ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya tambayi liman ko ya san inda ake sayar da sungumin shuka mai ƙwari. Aka kira ƙanen Malam Mati da ke Ƙofar Guga, shi ma ya yi nasa, ya tashi yana girgiza kai. Daga ƙarshe Sammani ya durƙusa a zaure, ya kama ƙafar ubansa.

"Baba, don Allah, don Annabi. Me ka rasa a nan?"

"Ban rasa komi ba. Kun yi mani komi." Ya janye ƙafarsa a hankali. "Amma kai ka zamnar da ni kullum kana nuna mani gonar wani. Ɗan yaro ƙarami an bar shi ya tahi ƙauyensu, ni da hurhurata a ce in zamna? Irin ga in ya ƙara shekara ya mutu. Ni ma haka."

Abin da kawai Sammani ya iya tatsa daga bakinsa alkawari ne guda. In guzurin da Safara'u ta haɗa masa ya ƙare ruwa bai sauka ba, zai dawo, ba kuma zai sake tayar da maganar ba bana.

Sammani da kansa ya ɗauki sungumin da aka sayo zuwa tasha. Direba ya ce iyakarsa garin da ake cin kasuwa, daga nan sai babur, in an sami mai ƙarfin halin zuwa. Waya kuwa ba ta shiga can. Tsoho ya zauna a gaba, buhun iri a kan cinya, fuskarsa fes kamar mai tafiya Makka.

Sai ruwa ya ƙi zuwa. Hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya watse. Gari ya ɗauki zafi, 'yan garuwa suka yi tsada, kowa ka gani maganar ke nan. Sammani na tayawa da baki, yana cewa Allah ya kawo sauƙi, amma can ƙasan ransa murna yake, yana auna saura nawa guzurin tsohon ya ƙare. Ya san abin kunya ne, ya san mutane da dabbobi na wahala. In ya idar da salla yakan yi istigfari, ya fito ya dubi sama, ya ga wayam, ya ji sanyi a ransa.

Rannan aka yi shela a masallatai cewa gobe da hantsi za a fita roƙon ruwa. Bai sami hanyar ƙin zuwa ba. Ya sa tsohuwar riga kamar kowa, ya bi ayari zuwa filin Idi, tsofaffi da yara, har da masu jan awaki. Aka yi salla, aka juya riguna, liman ya ɗaga hannu ya fara roƙo. Amin ta riƙa tashi daga sahu zuwa sahu.

Hannayen Sammani na sama, bakinsa a rufe. In ya ce amin, ya roƙa a fitar da ubansa fili. In ya ƙi, ya roƙa wa ubansa ya zauna a bakin busasshiyar gona, da iri a cinya, yana kallon sama har ya haƙura. Ya kuma san a daidai wannan lokaci abin da tsohon ke roƙo. Hawaye suka zubo masa. Wani dattijo da ke gefensa ya ga haka, ya dafa shi ya ce, "Yi ta kuka, ɗana, irin naku Allah ke dubawa."

Sammani ya buɗe baki ya ce amin.

Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Wannan karon bai watse ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, yara suka fito tsirara suna tsalle a kwata, mata na tara bokitai, samarin shago suka watsar da ƙwallonsu suka fita suna ihu. Katsina kaf tana hamdala. Sammani ya tsaya a bakin ƙofa, feshi na jiƙa masa ƙafar wando, yana kallon yadda hadarin ke gangarawa yamma. Ya san inda Malam Mati zai kasance gobe da sassafe: a tsakiyar fili shi kaɗai, kansa a ƙasa, ya ba daji baya.