Zagayen Tauraron Yaya Balarabe

Duk wanda ya zauna da Yaya Balarabe a Kwarbai ya san ba ruwansa da agogo. Ka tambaye shi yaushe zai dawo daga jami'a, sai ya ce, "Bayan zagaye uku." Zagayen tauraronsa yake nufi, wai kowane ɗaya awa biyu ba kaɗan. Har matarsa, Yaya Hadiza, ta koma ɗora tuwo da wannan lissafi.

Ni ƙanensa tela ne, amma na sha bayanin nan har na haddace. Wai taurari biyu ne ke zagaya juna. Ƙaramin yana da maganaɗisu mai ƙarfi, yana zuƙe jikin babban, abin da ya zuƙo ya faɗo masa a ka, ya yi zafi har ya fitar da eksire. Tauraron ɗan'adam ne ya hango eksiren, aka aiko wa Yaya takardun ta gidan waya. Aikinsa shi ne ya gano wanne ne tauraron cikin tarin ɗige-ɗigen da ke hoton sama. Ya raɗa masa suna Makwaɗaici.

Kai, kalmar eksiren nan ta ja masa! Ga shi ana ce masa Dakta, sai mutane suka fara sallama da hoton ƙirjinsu. Wani dattijo daga Ƙofar Gayan ya nace sai an duba nasa. Yaya ya ɗaga hoton ga rana, ya daɗe yana kallo.

"Baba, kana da haƙarƙari."

"Alhamdu lillahi!"

"Sauran bayanin sai asibiti." Ya ba shi kuɗin mota.

Ga tsumulmula! Bayan tsohuwar kalanda yake zanensa, da tef ɗina na awo. Ranar jajibirin salla na je karɓar tef ɗin, na ce, "Haba Yaya, rigunan mutane fa!"

"Garba, kai wuyan mutum kake aunawa, ni cin amana nake aunawa a sama. Jira."

Daga ƙarshe ya zaɓi ɗigo ɗaya, ya rubuta wa masu babban madubin hangen nesa su tabbatar. Yana jiran amsa tari ya kama shi. Da ƙyar muka ja shi asibiti. Da aka miƙo hoton ƙirjinsa ya ɗaga shi ga rana yadda ya saba.

"Ga farin ɗigo nan. Wani makwaɗaicin ke cin maƙwabcinsa."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba, tsoro ne ya kama ni. Shi kuwa damuwarsa ɗaya, kada ya tafi bai ji ko ya canka daidai ba. Kullum da safe sai na rufe shago na leƙa masa gidan waya.

Ranar da wasiƙar ta iso ko zama ba ya iyawa. Ya karanta sau biyu: ɗigon nasa ne, kuma an auna maganaɗisun.

Na ce, "To, ka nuna mana shi."

"Ido ba ya kai masa. Ni ma ban taɓa ganinsa ba."

Shekara da shekaru, jama'a!

Ya tambayi saura nawa azahar, na ce kamar awa biyu.

"Zagaye ɗaya ke nan. Ka tashe ni."

Bai cika zagayen ba.

Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa kurakuransa. Ya ƙare kwanansa yana bin hasken da bai gani ba, Allah ka cika makwancinsa da wanda zai gani.